Hannun Yaya a Ranar Jarrabawa

Tun tana 'yar ƙarama aka laƙaba mata Ƙuri, kuma ba zaluntarta aka yi ba. Baƙuwa ba ta shiga gidansu ta fita salin alin. Kafin a gama gaisawa yarinyar ta kafe ta da ido tun daga ɗankwali har takalmi, can sai ta buɗe baki ta ce, “Wannan mayafin ba na wannan rigar ba ne.” Ta sha ranƙwashi a wurin uwarsu a kan wannan hali har kan ya saba, amma abin da ya fi ba uwar haushi shi ne da wuya yarinyar ta faɗa ba daidai ba. Baƙuwar ma in ta koma gida ta tsaya gaban madubi, sai ta canza mayafin.

Da ta girma ta samu aiki a wani kantin kayan mata da ke bakin babban titi, ta yi shekara goma sha huɗu a cikinsa. Aikin da aka ɗauke ta a kansa shi ne ta yi shara, ta goge gilashi, ta jera riguna a hanga, ta miƙo wa mai saye abin da ta nuna. Wanda take yi a zahiri kuwa daban ne. Mace za ta shigo ta nuna jar riga, Ƙuri ta dube ta sau ɗaya ta ce, “Hajiya, gwada wannan tukuna,” ta miƙo mata wata mai ruwan ƙasa da matar ko kallonta ba ta yi ba. Matar ta shiga bayan labule tana ƙunƙuni, ta fito tana murmushi. A hankali mata suka daina neman mai kantin, sai dai ka ji ana cewa, “Ina yarinyar nan mai kallon mutane?” Mai kantin ya ajiye tumbi, ya buɗe kanti na biyu, ya rubuta sunan matarsa a allo. Ƙuri tana nan da tsintsiyarta, sai “sannu da ƙoƙari” da take samu duk ƙarshen shekara.

Wata rana wani mutum ya shigo da mata uku a bayansa. Ashe shi ke kula da kayan masu karanta labarai a wani gidan talabijin, matan kuma su ne masu karantawar. Ya tsaya yana kallo Ƙuri ta sallami ukun cikin rubu'in awa, kowacce da abin da ya karɓe ta. Da za su fita ya dawo da baya ya ce mata suna neman mai yi musu wannan aikin dindindin, za a ɗauka nan da wata bakwai.

“Kina da takarda?” in ji shi.

“Wace takarda, ranka ya daɗe?”

“Ta shaidar kin koyi tsara sutura. Ni na gani da idona, amma waɗanda ke sama da ni takarda suke dubawa. In kin kawo kafin lokacin, ni zan kai sunanki da hannuna.”

Ka ji fa. Shekara goma sha huɗu tana tufatar da rabin matan gari, amma sai wani ya buga hatimi kafin a yarda tana da ido. Ta kwana biyu tana cika tana batsewa, a rana ta uku ta je ta yanki fom a wata makarantar koyon tsara sutura mai kwas ɗin wata shida. Maigidanta, direban bas ne mai son tsokana, ya ce, “Je ki abinki, gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ba ki da shi.” Ta jefe shi da tsumman goge-goge.

Makarantar tana hawa na uku, saman wani shagon tayoyi, duk matakalar warin roba take yi. Ɗaki biyu ne da baranda. Ɗaya na karatu, ɗaya an shafe shi da farin fenti an kafa fitilu masu lema, nan ake ɗaukar hoto. Mai makarantar kowa Madam yake ce mata, doguwa ce mai baƙaƙen kaya kullum, tabarau a saman goshi, ba ta kiran sunan kowa sai “ke” da “ke ta bayan can”. Ɗaliban goma sha ɗaya ne, goma ba wadda ta kai ashirin da biyar. Ƙuri tana da talatin da bakwai, don haka tun ranar farko suka sa mata Anti. Kowace guga ta taso, “Anti, ke kin fi mu iyawa.” Kowace jaka ta yi nauyi, “Anti, don Allah.” Tana yi tana haɗiye abin da ke bakinta, don ba guga ta kawo ta ba, takarda ta zo nema.

Gaskiya dai ɗaya ce, ta ƙaru a wurin, ita ma ba ta musa ba. A nan ta san cewa yadi mai ƙananan zane-zane rawa yake yi a gaban kyamara har ya sa mai kallo jiri. A nan ta san farin da ke da kyau a ido yana iya cinye fuskar mutum in fitila ta doke shi. Ta koyi manna tef a ƙasan takalmin aro don a mayar wa mai shi ba alamar an taka, ta koyi fitar da tamoji da tururi a yadin da dutsen guga ke ƙonawa. Ta sayi 'yar jaka ta ɗaura a ƙugu, da fil da allura da almakashi da tef ɗin awo, tana tafiya tana kacau-kacau. Duk abin da aka faɗa ta rubuta a littafi da rubutunta manya-manya, 'yan matan suna leƙe suna dariya ƙasa-ƙasa.

Abu ɗaya ne ta kasa haɗiyewa, shi ne kilif. Irin baƙin kilif ɗin nan na matse takardu a ofis, Madam tana da shi cike da kwali. Za a kawo yarinya siririya cikin masu tallan kaya, a zura mata rigar da ta yi mata yawa, a tattaro duk rarar yadin a bayanta a matse da kilif shida ko bakwai. Ta gaba sai ka rantse a jikinta aka ɗinka. Ka zaga ta baya kuwa, yarinyar ba ta iya zama, ba ta iya ɗaga hannu, numfashi ma rabi-rabi take yi.

Ranar da aka fara nuna musu, Ƙuri ta ɗaga hannu. “Madam, to in za ta je wani wuri fa?”

“Ba inda za ta. Hoto za a ɗauka.”

“Wadda za ta ga hoton ta sayi rigar fa? Ita ai ba da kilif za ta fita ba.”

Madam ta sauko da tabarau ta dube ta. “Anti, nan ba kanti ba ne. A wannan sana'ar gaba ake kallo.”

Aji ya kwashe da dariya. Ƙuri ta koma ta zauna, kunnuwanta suna zafi. Ita a saninta tufafi na wanda zai sunkuya ne, ya hau mota, ya zauna a kujera ya tashi ba abin da ya tona masa asiri. Wannan kuwa a ganinta ha'inci ne da aka sa masa fitila. Tun daga ranar duk aikin da aka ba ta sai ta ɗinke shi da zare da allura ya zauna gaba da baya, ta ɓata awa guda a abin da sauran ke gamawa cikin minti biyar. Madam tana rage mata maki saboda nawa, ita kuma ko a jikinta.

Wannan taurin kan yana da tushe, kuma tushen yana gida. Ƙuri tana da yaya mace da ta girme ta da shekara takwas, a gidan Ƙuri take zaune. A da Yaya sakatariya ce a wani babban ofis, mace mai tsafi da guga, wadda in ta fito da safe maƙwabta ke leƙowa su ga abin da ta sa. Shekara shida da suka wuce ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo, tana jan ta da sanda. Hannun ne ya ƙi. Ya lanƙwashe ya manne a ƙirjinta, yatsun a dunƙule. Tun daga lokacin, in ba asibiti ba, ba ta ƙara taka ƙofar gida ba.

Ƙuri ce ke sa mata kaya kullum da safe kafin ta fita. Ta san hannun da ya mutu shi ake fara zurawa, shi ake cirewa a ƙarshe. Ta san wace riga ce ke tattarewa a gwiwar hannun ta ci mata fata, ta san zif na baya abokin gaba ne. Abin da ke ci mata rai shi ne yadda Yaya ta koma. Matar da ke zaɓar ɗan kunne na minti goma yanzu sai ta ja wani tsohon mayafi toka-toka ta lulluɓe kafaɗar hagu, ko da zafi ake kamar a gasa mutum. In baƙo ya yi sallama, kafin ta amsa sai ta gyara mayafin.

Da wata na shida ya kama, Madam ta faɗi yadda jarrabawar ƙarshe za ta kasance. Kowace ɗaliba za ta kawo mutum ɗaya ta tufatar da shi tun daga kai har ƙafa, a tsayar da shi gaban fitilu, a ɗauki hoto. Hoton shi za a ba maki, kuma ba hoto, ba takarda. Ta raba musu lambobin 'yan matan da suka saba tallan kaya, ta ce amma doka ba ta hana ka kawo wanda ka ga dama ba. Ɗalibai goma suka ruga suna kiran sirara. Ƙuri ta ninke takardar lambobin ta sa a jaka, don tun Madam ba ta rufe baki ba ta san wadda za ta kawo.

Da yamma ta shiga ɗakin Yaya, ba ta ko ajiye jaka ba. “Yaya, ke zan kai jarrabawa. Zan yi miki kayan da za su ajiye kilif ɗinsu su yi kallo.”

Ta shirya jin “a'a”, har ta tanadi magiyar da za ta yi. Sai Yaya ta ce, “Hoto za a ɗauka? Na gaske, irin na fitilu?”

“Na gaske, da mai hoto da komai.”

“Kuma za a ba ni?”

“Har biyu ma.”

“To, zan je.”

Ƙuri ta yi mamakin saurin amsar, amma murna ba ta bar ta ta tsaya tunani ba. Mako uku ta yi ba ta da zance sai na rigar. Ta zaɓi yadi kore shar mai ɗan nauyi, wanda ba ya ƙyalli a fitila. Ta zana riga mai buɗewa ta gaba, da maɓallan da ake dannawa su kama, yadda hannu ɗaya zai iya rufe ta. Hannun rigar na hagu ta ce a yanka shi a lanƙwashe, daidai yadda hannun Yaya yake, don kada yadi ya taru a gwiwa. Tela ya ce shi tun da yake bai taɓa yanka karkataccen hannu da gangan ba, kada a ɓata masa suna. Ta tsaya a kansa da tef a wuya har ya yanka, ya ɓata, ya sake yankawa. Ta samo takalmi marar tudu mai maɗauri, wanda ba zai zame daga ƙafar da ake ja ba. A ƙarshe ta sayo wani faffaɗan awarwaro mai ruwan tagulla, kuma ba a hannun dama ta yi niyyar sa shi ba.

Ranar gwaji ta sa wa Yaya rigar, ta durƙusa tana kama lafin ƙasa, fil cike da bakinta. Yaya ta daɗe tana kallon madubi. Can ta ce a hankali, “Ba za a ɗan yafa wani abu ta nan ba?” Ta nuna kafaɗar hagu da haɓa.

Ƙuri ta zare fil ɗin daga baki. “A yafa me? Yaya, shekara shida kina ɓoyo kamar wadda ta yi sata. Ciwo kika yi. Duk rigar nan don hannun nan aka yi ta, in an rufe shi me ya rage?”

“Na dai ce ko...”

“Ki bar mini wannan, aikina ne. Ɗaga haɓa.”

Yaya ta ɗaga haɓa.

Ranar jarrabawa maigidan ya sauke su a ƙofar shagon tayoyi da ƙarfe tara. Hawa uku, ba na'urar hawa, ba ma ƙarfen riƙewa a hawan ƙarshe. Yaya ta yi minti ashirin tana hawa, taka ɗaya ta huta, taka ɗaya ta huta, Ƙuri tana tallafe da ita ta dama, jakar kaya a wuya. 'Yan matan aji suna wuce su a guje da ƙawayensu masu dogayen ƙafafu, ana “sannu Anti” ana waiwaye. A baranda Ƙuri ta share mata gumi, ta gyara mata hoda, ta ɗaura mata ɗankwali, ta sa mata awarwaron a hannun da ya dunƙule. Da ta ja baya ta duba sai da ƙwalla ta taru mata. Yayarta ce ta da, wadda maƙwabta ke leƙe.

Su ne na bakwai. A ɗakin fitilu Madam tana zaune bayan tebur, a gefenta wani baƙon alƙali mai gyale a wuya, wai yana rubutu kan kayan ado a wata mujalla. Mai hoto yana tsaye da kyamararsa. Yaya ta shigo da sandarta, ta yi sallama, ta ce, “Ina kwananku?” Mai hoto ne kaɗai ya amsa. Wannan shi ne cin fuska na farko, kuma Ƙuri ta ji shi har cikin ƙashinta.

Ta tsayar da Yaya a kan alamar da aka manna a ƙasa, ta karɓi sandar. Ta ce, “Yaya, juya su gani.” Yaya ta juya a hankali. Bayan rigar sumul, ba kilif, ba fil, ba tattara. Baƙon ya ɗaga gira, ya rubuta wani abu. Madam ta taso ta zagaya sau ɗaya, ta kama bakin hannun rigar ta murza ɗinkin, ba ta ce uffan ba. Wanda ya san ta ya san wannan shirun yabo ne.

Daga nan ta tsaya a gaban Yaya, taku ɗaya tsakaninsu, ta juya ta dubi Ƙuri. “Wannan hannun fa?”

“Hannunta ne, Madam.”

“Na ga hannunta ne. A rufe shi. Ki ɗauko mayafi a kwali ki sauko da shi ta kafaɗa, ko a juya ta gefe ya faɗa bayan jiki. Kuma ki cire wannan ƙarfen, jan ido yake yi zuwa wurin.”

“Don ya ja idon na sa shi.”

“To kin yi kuskure. Aikinmu shi ne mu kai ido inda zai huta. Hoton nan bangon makarantata zai hau, masu kawo 'ya'yansu za su gani. Ba asibiti na buɗe ba.”

Duk wannan a kan Yaya ake yin sa, ana nuna ta da biro kamar gunkin da ake rataya wa kaya a tagar kanti. Mace mai shekara arba'in da biyar, wadda ta hau bene uku da ƙafa ɗaya da rabi, ba a amsa gaisuwarta ba, yanzu kuma ana “a rufe shi”, “a juya ta”. Wallahi ko dutse ne a ƙirjin mutum sai ya motsa. Ƙuri ta ji wata shida na guga da ɗaukar jaka da “Anti, nan ba kanti ba ne” sun taso mata gaba ɗaya.

Yaya ta ce, “Ƙuri...”

“Yi shiru, Yaya, ni zan yi maganin abin.” Ta juya ga Madam. “Ba zan rufe ba. Wata shida kina koya mana yadda za a matse mutum ta baya a yi wa masu kallo ƙarya ta gaba, na yi shiru. Yau na kawo miki rigar da mutum zai sa da hannu ɗaya, ya zauna, ya tashi, ya hau mota. Ke da kanki kin duba ɗinkin, kin rasa abin cewa. Sai ki ce in ɓoye wadda aka yi rigar dominta? Ta gaishe ki ma ba ki amsa ba. Ba kaya ba ce, yayata ce.”

Baƙon ya duƙufa a kan takardarsa kamar an aiko masa da wasiƙa. Madam ta mayar da tabarau goshi, muryarta ko rawa ba ta yi ba. “Kin gama? Ko a rufe a ɗauka, ko ba hoto. Kin san doka, ba hoto, ba takarda. In kina so ki sake, sai tare da 'yan aji na gaba, bayan wata shida.”

Wata shida. Gidan talabijin saura mako huɗu su ɗauki mutum. Ƙuri ta san haka sarai, lissafin ya gifta mata a ka tun kafin Madam ta rufe baki. Mai hoto ya ɗan matso ya ce ƙasa-ƙasa, “Anti, minti ɗaya ne fa, ki yafa kawai.” Ta dubi kwalin mayafan, ta dubi awarwaron yana sheƙi a fitila.

“Ku riƙe takardarku,” in ji ta. Ta miƙa wa Yaya sanda, ta kama ta, suka fita.

Saukar ta fi hawan wuya. Ƙuri tana tallafe da ita tana zuba, bakinta ya ƙi rufuwa. Wai su waye su. Wai mutum sai ya zama sanda kafin a ce ya isa hoto. Wai gara ta mutu tana shara a kanti da ta ci amanar jininta saboda hatimi. Tana faɗa tana jin wani irin daɗi yana ratsa ɓacin ran, daɗin wanda ya yi asara a kan gaskiya. Jira kawai take Yaya ta ce Allah ya yi miki albarka.

A hawa na ɗaya Yaya ta ce, “Tsaya in zauna.” Ta zauna a kan matakala, ta jingina sandar, ta daɗe tana mayar da numfashi. Ba ta dubi Ƙuri ba da ta fara magana.

“Ke wa ya aike ki?”

“Na'am?”

“Na ce wa ya aike ki? Matar can ba ta da mutunci, na gani, ba sai kin faɗa mini ba. Amma abin da ta ce a yi, shi na roƙe ki ranar gwaji kika ce in ɗaga haɓa.”

“Yaya, ai don kada ki ji kunyar...”

“Hannuna ne. Ni nake kwana da shi, ni nake tashi da shi. In na ga dama in nuna, in na ga dama in rufe.” Ta gyara zama. “'Yata shekara biyu ke nan tana wani gari wurin aiki, kullum ta kira sai ta ce Mama turo mini hotonki in sa a ɗaki. Ina ta ce mata sai an jima. Ba na so duk safiya ta tashi ta fara da ganin ciwona, ta tafi aiki da shi a rai. Da kika ce hoto na gaske, na ce to ga dama ta samu, ƙanwata gwana ce, za ta san yadda za ta yi fuskata ta fito hannun ya huta. Shi ya sa na hau benen nan, Ƙuri. Ba don in koya wa wata hankali ba.”

Yaya ta ɗago ta dube ta.

“Ku biyu kuna ta yi a kaina, ita tana a rufe, ke kina ba za a rufe ba. Har na kira sunanki kika ce in yi shiru. Ita dai ba ta san ni ba.”

Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi wa Ƙuri ciwo. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko ranar da aji ya yi mata dariya. Ta ce, “Jira ni,” ta juya ta haura a guje, jakar ƙugu tana kacau-kacau. A ƙofar ɗakin fitilu ta tarar ana ɗaukar ta takwas, wata siririya da kilif jere a gadon baya. Ta ƙwanƙwasa. Madam ta buɗe kaɗan, ta tsaya a bakin ƙofar.

“Madam, na yarda. A rufe a ɗauka. Ko ba maki, hoton kawai.”

“Kin ce mu riƙe takardarmu, mun riƙe. Layinki ya wuce.”

“Minti ɗaya, don Allah. Ba don ni ba.”

“Matar da ta yi minti ashirin tana hawa? Ina da mutum uku suna jira.” Ta mayar da ƙofar ta rufe.

Ba za a ce Madam ta yi daidai ba, har gobe ba ta yi ba. Mutumin kirki zai amsa gaisuwa, zai kuma tambayi mai hannun kafin ya yi hukunci a kan hannunta. Sai dai Ƙuri ba ta da bakin faɗar haka yanzu. Ta tsaya a gaban rufaffiyar ƙofar, ta san aikin talabijin ya tafi, ta san Litinin tsintsiya ke jiran ta a kanti. Ta juya ta sauko.

Ta kama Yaya suka ƙarasa ƙasa. A gefen shagon tayoyi akwai wani bango mai ruwan toka da bai sha rubutu sosai ba. Ta tsayar da ita a nan, ta zare awarwaron ta jefa a jaka. Ta cire mayafinta na kanta, ta riƙe shi a hannu, ta ce, “Ta yaya kike so?”

“Ta kafaɗa. Ki sauko da shi har nan. A'a, ƙara kaɗan. Yawwa.”

Mayafin ruwan hoda ne, ko kusa bai dace da koren ba, kuma Ƙuri ta gani. Ta ja bakinta ta tsuke. Ta ciro wayarta mai tsagaggen gilashi, ta jira wata babbar mota ta wuce, ta ɗauka sau uku. Rana ta doki rabin fuskar, gefen wata tsohuwar taya ya shigo ta ƙasa. Ta miƙa wa Yaya wayar.

Yaya ta riƙe ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Ta shafa fuskar da babban yatsa.

“Ba laifi,” in ji ta. “Aika mata.” Ta miƙo wayar, ta gyara riƙon sandarta. “Da kin bari, da da fitilu aka ɗauka.”

Ƙuri ta nemo lambar yarinyar ta aika. Suka tsallaka titi a hankali, suka tsaya jiran bas.